Gidan Wankin Inji a Bayan Tasha: Da Wane Kuɗi Za a Biya?

Jawabin akawun ƙungiya a madadin kwamitin bincike, a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya da aka yi a Maraɗi



Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwanmu da suka tsallako tun da asuba daga Jibiya da Katsina da Kano, da waɗanda suka zo daga Damagaram da Ƙonni, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya sa an bar iyali lafiya.

An ba mu minti ashirin kafin a kawo abinci, don haka ba za mu ja ku da nisa ba. Waɗanda suka halarci taron bara za su tuna matasanmu sun kawo shawarar a ɗebi wani kaso daga asusun ƙungiya a buɗe gidan wanki na inji a filinmu na bayan tasha, irin wanda mutum ke zuba kayansa da hannunsa, ya biya, ya jira, ya kwashe abinsa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Direba ya yi kwana huɗu ko biyar yana jiran takardun duwan da riga ɗaya a wuyansa. Hajiya ta taso daga Kwatano ko Lome, ga sauran tafiya a gabanta, kayan sawarta duk ƙura. Babu wanda ya ce ba a buƙatar wurin. Abin da ya kawo ka-ce-na-ce shi ne sharaɗin da matasan suka ɗora a kai, cewa ba za a karɓi kuɗin hannu ba ko dala ɗaya, duk mai wanki sai ya biya ta waya. A kan wannan aka yi ta jayayya har magariba ta gabato, sai Shugaba ya naɗa mu mutum biyar mu je mu bincika.

Muna roƙon ku saurara da kyau, domin kuɗin da ake magana a kansu naku ne, na wata-wata, waɗanda muke rubutawa a babban littafi. Daga cikinsu ake agaza wa wanda aka riƙe wa kaya a hanya, daga cikinsu ake kai gaisuwa idan an yi rasuwa. In gidan wankin ya durƙushe, can zai taɓa.

Bari mu fara da labarin da ya sa har maganar ta taso. Wani alhajinmu, ba za mu faɗi sunansa ba ko da yake ga shi can a sahun gaba yana murmushi, ya je Gwanzu ta ƙasar Caina sarin kaya. Ya sauka a wajejen Xiaobei inda mutanenmu suka saba sauka. Bayan mako guda kayansa suka ƙare, aka nuna masa ɗakin wanki a ƙasan masaukin. Ya shiga ya tarar da injina a jere, babu mai tsaro, babu teburin karɓar kuɗi. Ya zaga injin gaba da baya yana neman ramin da ake zura kuɗi, bai gani ba, sai wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, baƙi da fari, manne a jikinsa. Wannan shi ne tambarin QR da ake haskawa da waya. A aljihun Alhaji akwai dalolin Amurka da za su sayi injinan ɗakin gaba ɗaya, akwai yuwan sabbi fil, amma ya kasa wanke singileti. Ya zauna nan har wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya shigo, ya haska masa da wayarsa, Alhaji ya ba shi kuɗin a hannu. Da ya dawo yana ba da labari, dattawa suka ji abin a matsayin wulaƙanci, matasa kuwa suka ce ai abin da ya kamata mu yi ke nan a nan gida. Labari ɗaya, fahimta biyu.

Da muka shiga bincike sai muka ga sana'ar ta daɗe. An buɗe gidan wanki irin wannan na farko a garin Fort Worth na jihar Texas a Amurka a 1934, da injina huɗu da ake haya da awa. Daga baya aka sa musu akwatin kwandala, kuma shekaru da dama Ba'amurke na tara kwandalar santi 25 a kwalba saboda ranar wanki. A 2020, lokacin korona, kwandala ta yi ƙaranci a kasuwanninsu domin mutane sun daina fita, kuɗin suka maƙale a gidaje. Masu gidajen wanki na cikin waɗanda abin ya fi buga, kuma da yawansu suka ƙara wa injinansu hanyar biya da kati ko da waya.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. Ana ɗaura wa kowane inji wata 'yar na'ura mai haɗe da intanet. Ka haska tambarin, wayarka ta nuna maka lambar injin da farashi, ka sa lambar sirri, kuɗin su fita daga asusunka su shiga na mai wurin, sai kwamfutar kamfanin ta aiko wa na'urar saƙo cewa an biya, injin ya fara juyawa. Ku lura da tsawon igiyar: wayarka da cajinta, layin sadarwa, kamfanin asusun, kwamfutar kamfanin injin, wutar lantarki. Ko'ina ta tsinke, injin ba zai motsa ba. Za mu dawo kan wannan.

Sai dai kafin nan, adalci ne mu faɗi inda matasanmu suka yi gaskiya, kuma sun yi gaskiya a wuri babba. Wanda duk ya daɗe a ƙungiyar nan ya san tarihin gidan wankanmu na tasha. Mu da ke riƙe da littafi mun fi kowa sani. Mutane na layi tun asuba, amma in yamma ta yi abin da ake kawowa ofis bai kai na rabin layin ba. Mun canja mai tsaro sau uku. Mun buga tikiti, aka riƙa sayar da tikiti ɗaya sau biyu. Ba mu taɓa kama kowa dumu-dumu ba, kuma ba mu zo nan don zargin kowa ba, amma kuɗin da ke bi ta hannu da yawa yakan rage nauyi a hanya. Injin da ake biya ta waya yana rubuta kowane wanki da lokacinsa, kuma ma'aji na iya dubawa yana zaune a shagonsa. Babu akwatin da ɓarawo zai fasa da dare. Babu rigimar canji, wadda kun san yadda take a wannan ɓangaren: ka miƙa jikka biyar a kan abin dala ɗari, a aiki yaro ya zaga kasuwa. A ɓangaren naira kuwa maganar kwandala ma ba ta taso ba, tunda ta naira ɗaya da ta naira biyu babu abin da suke saye yau, kuma yaranmu da yawa ba su taɓa riƙe su ba. Ga kuma wani abu da ya burge mu: inji ba ya kallon hoton alat. Nawa ne a cikinmu aka nuna wa saƙon bogi a waya suka saki kaya? Shi sai kuɗin sun shiga da gaske yake tashi.

To, in haka ne, me ya hana mu ce a amince kawai?

Abu na farko da muka ci karo da shi shi ne wanda ya bambanta mu da mai gidan wanki na Gwanzu ko na Texas. Shi kuɗi ɗaya yake karɓa daga mutanen ƙasa ɗaya. Mu kuwa rabin waɗanda za su shigo wurin nan sefa ce a wayarsu, rabi naira. Ɗan Maraɗi na da Airtel Money ko Moov Money ko Zamani Cash, ko yana aiki da Nita da Amana da Al Izza. Direban da ya taso daga Kano OPay ce a wayarsa, ko PalmPay, ko Moniepoint. Mu muna tsallaka iyaka a Ɗan Isa da ƙafafunmu cikin 'yan mintoci, asusun wayarmu kuwa ba ya tsallakawa tare da mu. Wanda ke cike da naira ba zai haska tambarin da aka yi wa rajista da sefa ya biya kai tsaye ba. Kuma ba abu ne da mutum zai ce bari in buɗe na ɗaya ƙasar a tsaye ba. Tun ƙarshen 2023 Babban Bankin Najeriya ya wajabta cewa ko ƙaramin asusun waya sai an haɗa shi da lambar BVN ko NIN. A nan Nijar ma layi sai da takardar shaida. Direban da ya zo kwana uku ba zai yi wannan wahala don wankin riga biyu ba. Zai koma bakin famfo da sabulunsa, injinmu na zaune.

Wani a kwamiti ya tambaya ko sababbin tsare-tsaren da ake ji a rediyo ba su magance wannan ba. Mun duba. Bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI a ranar 30 ga Satumba 2025, wanda ke ba da damar tura kuɗi nan take tsakanin bankuna da asusun waya a ƙasashe takwas masu amfani da sefarmu. Abu ne mai amfani ga masu bin hanyar Kwatano da Lome da Wagadugu. Najeriya ba ta cikin ƙasashen nan takwas. Akwai kuma PAPSS da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022 don ɗan kasuwa ya biya da kuɗin ƙasarsa, wancan ya karɓa da nasa. Ta banki ake bi, kuma ba a tsara shi don injin wanki a bayan tasha ba. Har yau mai haɗa naira da sefa a wurinmu shi ne ɗan canji da jakarsa.

Ko da an samu hanyar karɓar kuɗin biyu, sai maganar farashi. A 2019 jikka ɗaya ba ta kai naira 700 ba. A cikin 2024 ta haura naira 2,500. Wanda ya saka farashin naira a cikin inji ya tafi ya manta, wata uku kawai zai tarar yana yi wa mutane wanki kyauta, ko kuma ya kore su da tsada.

Abu na biyu, shekarar 2023 ta koya mana shi, kuma babu wanda ke ɗakin nan da bai ɗanɗana ba. A farkonta aka yi canjin takardun naira. An sanar a Oktoban 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin takardu kuwa ba su wadata ba. Kun tuna layin banki, kun tuna abin da masu POS suka riƙa cira a kan kowace dubu, kun tuna masu tumatir da kifi da kayansu suka lalace don babu mai tsabar kuɗi. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. A wannan lokaci wanda ke da asusun waya shi ya ci kasuwa, kuma da yawa daga cikin dattawan da ke ƙin abin a lokacin suka sa 'ya'yansu suka buɗe musu. Da a ce shekarar ta ƙare a nan, da mun ce matasa sun ci muhawara.

Amma ba ta ƙare a nan ba. Bayan 26 ga Yuli aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan. Muka koma kai waya wurin masu caji da janareta. Layi ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Tsabar kuɗi ta yi wuya ita ma, amma wanda ke da ita a aljihu ba ya jiran layi kafin ya sayi hatsi. Sai a Maris na 2024 aka buɗe iyakar. Cikin wata shida mun ga takarda ta ba mu kunya, mun ga waya ta ba mu kunya. Wanda ya ga wannan da idonsa, in zai gina wuri da kuɗin jama'a, bai kamata ya yi masa ƙofa ɗaya ba. Gaskiya ne in babu wuta injin ma ba zai juya ba, amma wuta muna iya samar wa kanmu da sola ko janareta, kuma ma'aji zai yi bayanin kuɗinsu a nasa rahoton. Layin sadarwa ba a hannunmu yake ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi ɗaukewar layi ciwo, ita ce ya tsinke a tsakiya. Ɗaya daga cikinmu 'yan kwamiti ya gwada irin wannan wanki a wani gari da ya je. Ya biya, saƙo ya shigo an cire kuɗi, injin ya yi shiru. Ya sake biya, aka sake cirewa, sannan ya tashi. Babu kowa a wurin sai lambar waya a bango, ya kira ba a ɗauka ba. Kuɗin farko sun dawo bayan kwanaki, lokacin ya riga ya bar ƙasar. Shi ya yi haƙuri don baƙo ne. Ku ɗauka a filinmu abin ya faru da direban da ya kwana biyu bai yi barci ba. Ba kamfani zai nema ba. Ofishin ƙungiya zai nufo, kuma akawu zai tarar.

Abu na uku, mun ɗauki littafin rajista mun bi sunaye ɗaya bayan ɗaya muna tambayar kanmu: wannan zai iya haska tambari ya biya shi kaɗai? Ba mu so mu kunyata kowa, amma amsar ta sa jikinmu ya yi sanyi. Akwai manyan alhazanmu masu tireloli da ƙaramar waya mai tocila suke riƙe da ita, kuma ta ishe su. Ita ba ta haska QR, sai dai a danna tauraro da lambobi. Akwai hajiyoyinmu da ke juya miliyoyi a ka ba tare da biro ba, amma ba su karanta boko, asusunsu a wayar ɗa ko ƙane yake. In aka ce sai ta waya, abin da zai faru shi ne abin da ya faru da Alhaji a Gwanzu: za a samu yara a bakin ƙofa suna biya wa mutane da wayoyinsu suna ɗora la'ada. Ko kuma, wanda ya fi muni, mutum ya miƙa wayarsa ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi a cikin jama'a. Kuɗin hannun da muka kora ta ƙofa za su dawo ta taga, sai dai wannan karon ba su bi ta littafinmu ba.

Kada a ɗauka wannan ƙauyancinmu ne. Ita kanta Caina ta gane baƙi na shan wuya. A Yulin 2023 WeChat Pay da Alipay suka faɗaɗa damar haɗa katin Visa da Mastercard na ƙasashen waje, kuma a Maris na 2024 babban bankin ƙasar ya sa aka ɗaga iyakar abin da baƙo zai iya biya a lokaci ɗaya daga dala 1,000 zuwa 5,000, ta shekara daga 10,000 zuwa 50,000. Masu zuwa can su riƙe wannan: biyan da bai wuce yuwan 200 ba babu caji a kansa, wanda ya haura ana cire kashi 3 cikin 100. Ku haɗa katinku tun kuna gida, lokacin da layinku ke karɓar saƙon tantancewa. Kuma doka a can ta hana ɗan kasuwa ƙin karɓar takardar yuwan, har tara ake ci, sai dai inji ba ya jin doka in ba a yi masa rami ba. A Amurka ma birnin Philadelphia da jihar New Jersey sun hana shaguna ƙin karɓar kuɗin hannu a 2019, birnin New York ya bi sahu a 2020. Dokar New York ta bar wata kafa da ta ja hankalinmu: shago na iya ajiye na'urar da za ka zuba kuɗinka ta ba ka kati, muddin ba a caje ka a kai ba. Wato su ma sun yarda inji ya zauna babu kuɗi a cikinsa, amma a bar wa mai tsaba hanyar shiga.

Mu ɗan taɓa maganar caji, don wani ya ce biya ta waya kyauta ne. Ba kyauta ba ne. Kamfani na cire nasa a kan abin da ya shigo, in za a fitar da kuɗin a kai banki ko a sayi sabulu akwai wani cajin, mai na'urar da ke jikin injin yakan nemi nasa na wata. Gwamnatoci ma suna sa hannu duk lokacin da suka ga dama. Gana ta sa harajin kashi 1.5 cikin 100 a kan tura kuɗi ta waya a 2022, ta rage zuwa kashi 1 a 2023, ta soke shi a 2025. Kamaru ta sa nata a 2022. A kan wankin dala ɗari waɗannan ƙananan abubuwa ne, a kan wankin shekara guda kuwa sai an zauna da biro.

Ga abin da muke ba da shawara. A buɗe gidan wankin. A sa hanyar biya ta waya a kowane inji, kuma a zaɓi wadda ke aiki da tambari da kuma danna lambobi, don mai ƙaramar waya ya samu shiga. Amma kowane inji ya kasance yana da ramin ƙarfen wanki, wanda masu Faransanci ke ce wa jeton. Mai tsabar kuɗi, sefa ce ko naira, ya sayi ƙarfen a hannun mai tsaro ya zura. Farashi da sefa za a tsayar, na naira kuwa a rubuta shi a allo kowace safiya bisa canjin ranar, kamar yadda kowannenmu ke yi a shagonsa. Mun fi son ƙarfe a kan katin da ake loda wa kuɗi, domin kati kullum yana barin ɗan saura da bai isa wanki ba, matafiyi ya tafi da shi ba zai dawo ba, kuɗin mutane su taru a hannunmu ba mu san masu su ba. Wannan ba irin ribar da ƙungiya ke nema ba ce.

Za ku ce ai mun koma gidan jiya, ga mai tsaro ga kuɗi. Bambancin shi ne ƙirga. Ofis zai ba mai tsaro ƙarafa da adadi, ya sa hannu. Makullin akwatin injin na wurin ma'aji, ba wurinsa ba. Injin kuma yana ƙirga sau nawa ya juya. Kowane mako a haɗa abu uku: juyin inji, abin da ya shigo ta waya, da ƙarafan da aka kwasa. In ba su yi daidai ba, za a san ranar da wurin. Gidan wanka bai taɓa samun irin wannan shaida ba, domin bokiti ba ya ƙirga.

Idan aka cire wa mutum kuɗi injin bai tashi ba, mai tsaro ya rubuta lambar cinikin da lambar wayarsa, ya ba shi ƙarfe nan take ya yi wankinsa. Bin kamfani aikin ofis ne, ba na matafiyi ba.

Sai wata magana da ta shafe mu kai tsaye. An kawo shawarar, don sauƙi, a yi amfani da lambar akawu wajen karɓar kuɗin. Mun gode da amanar, amma muna roƙon a rufa mana asiri. A buɗe asusun kasuwanci da sunan ƙungiya da takardunta, layin ya zauna a ofis, kuma kada a fitar da kuɗi sai da sanin Shugaba da ma'aji. Mun ga abin da ya faru lokacin da wani ɗan'uwanmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Kuɗin abokan cinikinsa da nasa duk suna cikin waya ɗaya, babu wanda ya san lambar sirri. Mu muka yi ta zirga-zirga da takardun gado wata da watanni, iyalinsa suna jira, masu bin bashi suna jira. Akawu mutum ne, yana iya mutuwa, yana iya sauka, ana iya sace masa waya a tasha.

Kafin mu zauna, akwai mutanen da ba su cikin ɗakin nan amma maganar ta shafi tuwonsu: masu wanki da guga na bakin tasha, mafi yawansu 'yan ci-rani. Mun je mun zauna da su. Ba su ɓoye tsoronsu ba. Mun gaya musu abin da muka gani, cewa inji ba ya guga, ba ya sa sitaci, kuma babu mai hankalin da zai jefa shaddarsa ta Juma'a a ciki, wannan sai hannu da 'yan bugu. Kayan aiki da barguna da zannuwan gado su ne abincin inji. Muna ba da shawarar a ware musu rumfa a gefen ginin don guga, kuma mai tsaron da zai sayar da ƙarfe a ɗauko shi daga cikinsu, wanda suka yarda da shi kuma muka yarda da shi.

Ba za mu ɓoye muku ba, kwamiti bai zama baki ɗaya ba. Mu uku ne a kan wannan shawara. Biyu suna nan a kan bakansu cewa duk inda aka bar ramin ƙarfe, maƙeri zai iya ƙera irinsa, kuma in aka ba mutane zaɓi ba za su taɓa koyon biya ta waya ba. Maganar maƙeri gaskiya ce, shi ya sa muka ce a yi ƙarfen da tambarin ƙungiya kuma a riƙa ƙirgawa kowane mako. Maganar koyo kuwa, mun ce wanda ya biya ta waya a rage masa wani abu kaɗan, mutanenmu ba su buƙatar wa'azi in sun ga rangwame. Sun nemi a rubuta ra'ayinsu a rahoto, an rubuta, kuma Shugaba ya yi alkawarin ba ɗayansu dama ya yi magana kafin ƙuri'a. Mun kuma yarda da su a kan abu ɗaya: bayan shekara guda a kawo lissafi gaban taro, in ya nuna ramin ƙarfe ɓarna yake kawowa, a toshe shi.

Za a kaɗa ƙuri'a a taron wata mai zuwa, kuma wanda bai biya kuɗin wata ba har uku ba zai yi zaɓe ba, kamar yadda dokarmu ta tanada. Takardun farashin da masu sayar da injina suka aiko suna ofis, da Faransanci da Turanci, duk mai so ya zo mu karanta masa da Hausa, daga safe zuwa azahar ban da ranar Juma'a. 'Yan'uwanmu na Jibiya da Katsina, wakilinku zai koma da kwafi yau.